DAGA GINDIN GAWO: Do, Re, Mi da Gogen Tsoho

Waɗanda suka aiko mini da wasiƙu su yi haƙuri, saƙonku ya iso, kuma amsa tana nan tafe in Allah ya yarda. Wannan karon wata ƴar rigima ce ta cikin gida ta sha gabana, na ga kuwa ba gidanmu kaɗai ta shafa ba, shi ya sa na kawo ta nan mu tattauna.

Akwai ɗan ƙanwata da ya zo daga Damagaram ya sauka wurina a nan Yamai, yana karatu a wata babbar makaranta da nufin ya zama malamin lakwal. Cikin darussan da aka ɗora musu a shekarar farko har da na share fagen ilmin kiɗa, wanda ake ce wa solfej da Faransanci, awa biyu a kowane mako. Ranar da ya ga sunan darasin sai da ya yi dariya, ya ce, "Kawu, wannan kam banza ta faɗi, ni da nake kwana da waƙa a kunne." Bayan wata guda aka yi musu dikte, wato shifta, amma ta sauti: mushe yana taɓa fiyano, su kuma suna rubuta abin da suka ji. Gogan naku ya dawo gida da maki 4 bisa 20, ya shige ɗaki bai ko nemi tuwo ba.

Ana cikin haka sai labari ya kai Damagaram. Uban yaron ya kira ni a tarho, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, ashe kiɗa na turo yaron nan ya koya a Yamai? Mu gidanmu tun kaka da kakanni ba a taɓa yin maroƙi ba. In abin da ake koya musu ke nan, ka sa shi a mota ya dawo, ga kanti nan yana jiran sa." Na san halin Alhaji, in ya faɗi magana ba ya son a ja. Na ce, "Alhaji, ka ba ni mako biyu in duba abin da idona, in na ga ɓata lokaci ne ni da kaina zan biya masa kuɗin mota." Ya ce ya ji. Daren nan na karɓi kayen yaron, na sa tabarau, na koma ɗalibi da furfurata.

Abin da na tarar cikin kaye

Shafin farko ma ba kiɗa a ciki, lissafi ne. An ce kowane sauti girgiza ce. In ka taɓa tsirkiyar gurumi sai ta yi ta kai da komowa da sauri, iska ta ɗauko wannan motsi ta kawo kunnenka. In girgizar ta yi yawa cikin daƙiƙa guda sai sautin ya yi sama ya sirance, in ta yi kaɗan sai ya yi ƙasa ya yi kauri. Sautin da suke kira la, wanda makaɗan Turai ke daidaita kayansu da shi, girgiza 440 ne a daƙiƙa. In aka ninka ya zama 880, kunne zai ji sautin nan ne dai ya dawo, sai dai a sama, kamar yadda uba da ƙaramar ɗiyarsa za su rera waƙa ɗaya tare, muryarsa a ƙasa tata a sama, ba wanda zai ce sun saɓa. Wannan tazara ita ce oktab.

Ga yadda kowa zai gwada a gida. Ka ɗaure tsirkiya ta yi tauri, ka taɓa ta ka ji kukanta. Sa'an nan ka danne ta daidai tsakiya ka sake taɓawa, za ka ji oktab. In kuwa ka danne ta yadda kashi biyu cikin uku ne ke motsi, za ka ji wani sauti da ke zama lafiya da na farkon, wanda suke kira tazara ta biyar. Ana danganta gano wannan lissafi ga Fisagoras, wani masani na ƙasar Girka da ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Na ce a raina, ai duk mai gurumi da mai garaya yatsunsa sun san wannan, lambobin ne kawai ba a gaya masa ba.

To, tsakanin sauti da oktab ɗinsa Turawa sun yanka tazarar gida 12 daidai wa daida, kowane gida sunansa rabin taki. Daga ciki suka zaɓi 7 suka yi tsani da su: do, re, mi, fa, sol, la, si, sai a koma do na sama. Matakan tsanin nan ba ɗaya suke ba. Daga do zuwa re taki guda ne, daga re zuwa mi ma haka, amma daga mi zuwa fa rabin taki ne, haka nan daga si zuwa do. Wanda ya taɓa ganin fiyano zai tuna da farare da baƙaƙen maɓallai. Cikakken fiyano yana da 88, farare 52, baƙaƙe 36. Fararen su ne masu sunayen nan 7, baƙaƙen kuwa su ne gidaje 5 da suka rage a kowane oktab, ana kiran su da sunan maƙwabcinsu a ƙara diyez in an hau, ko bemol in an sauka. Ƴan'uwanmu na Nijeriya da Gana da suka yi karatun Ingilishi da haruffa suka saba, daga A zuwa G, do ɗinmu shi ne C nasu.

Rubutun kuma a kan layuka biyar ake yin sa, a jere kamar kunyoyin gona. Kowane ɗigo da aka sa bisa layi ko tsakanin layi biyu sauti ne, na sama ya fi na ƙasa tashi. A farkon layukan akwai wata alama mai lanƙwasa da ake kira mabuɗi, ita ke faɗin sunan layi guda, daga nan a ƙirga sauran. Siffar ɗigon kuma ita ke faɗin tsawon lokacin da za a riƙe sautin. Kewayayya marar sanda bugu 4 ce, fara mai sanda bugu 2, baƙa bugu 1, mai ƙugiya rabin bugu. Har shiru ma yana da alamominsa, domin a wurinsu tsayawa ma aiki ce da ake aunawa.

Asalin wannan tsari yana komawa ga wani malamin coci na ƙasar Italiya, Gido na garin Arezzo, wanda ya rayu a ƙarni na 11. Ya gaji da yadda yara ke shafe shekaru suna haddar waƙoƙin ibadarsu daga bakin malami, sai ya tsara layuka huɗu, ya kuma ciro sunayen sauti 6 daga gaɓoɓin farko na layukan wata waƙar Latin. Na farkon ut ne a lokacin, sai a ƙarni na 17 aka mai da shi do don ya fi daɗin furtawa, si kuma daga baya aka ƙara shi. Ashe dabara ce ta malami mai son sauƙaƙa wa almajiransa. Mutanen Indiya, waɗanda muka sha kallon finafinansu, su ma da nasu sunayen: sa, re, ga, ma, pa, da, ni.

Inda yaron ya yi tuntuɓe

Da na jera takardar diktensa da ta gyara sai na ga wani abu. Kusan duk kurakuransa a wuri biyu suke, fa da si. In mushe ya taɓa fa, shi sai ya rubuta mi ko sol, in an taɓa si sai ya rubuta do. Dalili kuwa a fili yake. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan tsani mai mataki 5 suke tafiya, wanda in an kwatanta shi da na Turawa zai yi kusa da do, re, mi, sol, la, babu ƴan matsattsun matakan nan na rabin taki. Kunnen da ya tashi da waƙar daɓe da ta gaɗa da ta reno bai saba tsayawa a fa da si ba, kamar dai yadda Bahaushe ke fama da harafin p in ya fara Faransanci. In ka bi baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai za ka sami irin wannan tsani mai mataki 5. Shi ne kuma sirrin da ya sa waƙoƙin Sudan ke shiga kunnenmu ba sallama, domin su ma mataki 5 ne, haka na Habasha da yawa.

Amma da aka zo fannin kari, wato tafiyar bugu da lokaci, sai labari ya sha bamban. Akwai wani ma'auni da suke rubutawa 6 bisa 8, mai ƙugiya 6 a kowane gida, waɗanda za a iya kasa su uku-uku sau biyu, ko biyu-biyu sau uku. Yaron ya ce da mushe ya sa su tafa biyu da hannun dama, uku da na hagu a lokaci guda, shi bai ga abin wahala ba, domin tun yana goye yake jin haka. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi guda, wannan ta saka taɓarya wannan ta cire, ga tafi a tsakani, ya san yadda bugu ke shiga cikin bugu ba su yi karo ba. A wannan fannin 16 bisa 20 ya samu, amma da yake faɗuwa ta fi nasara ƙara, bai ko ambata mini ba sai da na gani da kaina.

Na ce masa, "Kai, ashe ba kurma ba ne kai. Kunnenka Hausa yake ji, yanzu ne za a koya masa wani harshe." Muka sa doka, kullum bayan sallar isha'i minti 20, yana rera mi, fa, mi, fa, si, do, si, do, har uwargida ta fara tambaya ko lafiya. Sannu ba ta hana zuwa. Cikin kwana goma kunnen ya fara kama su.

Ƙaramin sani ƙuƙumi

A nan ne wata sabuwa ta ɓullo, wadda ta fi maki 4 tayar mini da hankali. A unguwarmu akwai wani tsoho mai goge, mutumin Dogon Dutsi, wanda ƙarfinsa ya ƙare, ba ya zuwa biki kuma. Da la'asar yakan fito ƙofar gida ya ɗan goga don kansa. Gogen nan nasa irin na da ne, ƙwarya da fatar guza da izgar doki, ya ce ya girmi ƴaƴansa duka. Ƴaƴan kuwa ba wanda ya gaje shi, ɗaya direba ne, ɗaya yana gadi, sauran suna ci-rani.

Wata rana muna wucewa ni da yaron, sai ya tsaya, ya fito da tarhonsa. Akwai wata ƴar dabara a ciki mai allura, wadda in ta ji sauti takan nuna sunansa, ta kuma nuna ko ya hau daidai ko ya kauce. Ya saurara kaɗan, ya matso kusa da ni ya ce, "Kawu, gogen Baba fo yake yi." Na ce, "Me ke nan?" Ya ce, "Ƙarya yake yi. Dubi allurar, wannan sautin bai kai mi ba, ya kuma wuce mi bemol, a tsakani yake rataye." Ya faɗi haka da irin muryar wanda ya kama ɓarawo. Yaron da mako uku da suka wuce bai san fa ba, yau shi ne ke yi wa mai shekara sittin da goge gyara. Allah ya sa tsohon bai ji ba.

Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma a lokacin ba ni da amsar da zan ba allura. Sai na nemi izini na bi shi aji. Mushen nasu mutum ne mai sauƙin kai, ya ba ni kujera a baya, da aka tashi na kawo masa ƙara. Ya yi murmushi, ya kira yaron, ya ɗauki alli. Ya ce, "La nawa ne?" Yaro ya ce 440. Ya ce, "Tazara ta biyar a kansa, bisa lissafin tsirkiya, a ninka da uku a raba biyu, nawa ke nan?" Ya ce 660. Ya ce, "To, mi na fiyanon nan 659 ne da ƴan kai. Wa ya yi ƙarya, tsirkiya ko fiyano?" Yaro ya yi shiru.

Bayanin da ya yi mana shi ne, in ka yi ta ɗora tsantsar tazara ta biyar kan ƴar'uwarta har sau 12, kamata ya yi ka dawo kan sautin da ka faro, amma sai ka tarar ka wuce shi da ɗan kaɗan. Don fiyano ya iya tashi daga kowane maɓalli ba tare da an sake ɗaure shi ba, sai aka rage wa kowace tazara ɗan abu, aka raba asarar daidai. Wato sulhu aka yi. Ita kanta 440 ɗin shawara ce ta mutane: a shekarar 1859 gwamnatin Faransa ta kafa dokar cewa la 435 ne, sai a wani taro da aka yi a London a 1939 aka tsaya kan 440. Ya ƙara da cewa Larabawa suna da sautuka da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, waɗanda duk mai sauraron Ummu Kulsum ta Masar ya sha ji, har an yi babban taro a Alƙahira a 1932 ana muhawara kan yadda za a auna su. Tun a ƙarni na 13 ma Safiyuddin al-Urmawi na Bagadaza ya kasa oktab gida 17. Ya dubi yaron ya ce, "In tsohon nan kullum a wuri guda yake sa yatsansa, to nan ne gidan sautin a wurinsa. Allurarka mudun wata kasuwa ce."

Na gode masa ƙwarai. Amma na yi masa tambaya guda kafin in fito: cikin misalan da ke littafin da suke bi, nawa ne aka ɗauko daga kiɗan ƙasar nan? Ya buɗa hannu ya ce ko ɗaya, littafin daga waje ya zo, kuma waƙoƙinmu da aka rubuta da wannan rubutu ba su da yawa, ba su kuma kai ga ajinsa ba. Wannan amsa ita ce ta hana ni barci a daren.

Amsar da na ba Alhaji

Da mako biyu suka cika na kira Damagaram. Ban shiga maganar halas da haram ba, wannan fagen malamai ne, kowa kuma ya san wanda yake bi. Na dai san Alhaji ya yi zaman zaure, yana da Burda a ka. Na ce, "Alhaji, Burda a wane bahari take?" Ya ce, "Basiɗ mana." Na ce, "Wa ya auna ta har aka san haka?" Ya ce ai ilmin aruli ne, na Halilu ɗan Ahmadu mutumin Basra. Na ce to, Halilu a ƙarni na 8 ya zauna ya saurari waƙoƙin da Larabawa suka daɗe suna yi, ya fitar da ma'auni 15 daga cikinsu, da gaɓa doguwa da gajera. Mawaƙan sun riga shi, shi suna kawai ya raɗa wa abin da suke yi, kuma ba wanda ya ce ya zama maroƙi. Da wannan awo ne malamanmu irin su Nana Asma'u suka tsara waƙoƙinsu. Abin da ɗanka ke koyo ƙanen wannan ne, doguwa da gajera, sai ƙarin sama da ƙasa. Na kuma tuna masa da Alfarabi, wanda ya rasu a shekarar 950, babban masanin da ya rubuta littafi sukutum a kan ilmin sauti da kiɗa, ya auna wuraren sa yatsa a wuyan garayar Larabawa da ake kira ud.

Na ce masa kuma, mu Hausawa ko magana muke yi muna hawa da sauka. Wuya na jiki da wuya ta wahala haruffansu ɗaya, karin sauti ne ya raba su: na farko a fara sama a sauko, ta biyu a fara ƙasa a hau. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Gari na zama da gari na tuwo kuwa tsawon wasali ne ya raba su, kamar mai ƙugiya da baƙa a kayen yaron. Don haka ne kalangu ke iya magana. Makaɗi yana matse tsirkiyoyin a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, ya bi karin kalmomin, mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Malamin lakwal da ya gane wannan zai fi iya koya wa yara karatun Hausa, balle waƙoƙin aji da dole ne ya koyar ko yana so ko ba ya so.

Alhaji ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To, Yaya, na bar shi a hannunka. Ya yi karatunsa ya ci jarrabawa. Amma kada in ji an gan shi da kayan kiɗa a gidan biki." Na ce na ɗauki wannan alkawari. Bai ce ya yarda da hujjata ba, ni ma ban matsa ba.

Abin da ya rage mana

Jama'a, ga inda maganar ta shafe mu duka. Muna da namu ilmin kiɗa, da kalmominsa. Muna da take da kirari, da jagora da ƴan amshi, da gindin waƙa da ɗiyanta, da karɓi da ƙari. Mun san kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kakaki da tambari na sarauta. Amma mafi yawan wannan sani a ƙirjin tsofaffi yake, ƴaƴansu kuwa sun kama wasu sana'o'i. A shekarar 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙanmu. A Gana, marigayi Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya koyi ilmin kiɗan Turawa ya juyo da shi ya yi wa kiɗan Afirka hidima. Aiki ya fara, amma hannuwan sun yi kaɗan.

Misali mafi kusa da mu shi ne na marigayi Malam Mamman Barka, wanda shi ma malamin lakwal ne kafin ya shahara da gurumi. A shekarar 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale na masuntan Buduma. Ya zauna ya koya, ya fito da biram duniya ta ji shi. Malam Barka ya rasu a 2018. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru kafin wannan tafiya, da sai dai a ga biram rataye a gidan tarihi, ba mai sanin yadda ake sa shi kuka. Muna da cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya da aka buɗe a nan Yamai a 1989, amma cibiya guda ba za ta bi ƙauye-ƙauye ta tarar da kowane tsoho ba. Malaman lakwal su ne ke ko'ina.

Wani zai ce ai yanzu kowa da tarho, a ɗauki muryar tsohon a ajiye mana. Gaskiya ne, a ɗauka, yana da kyau. Amma ɗauka ajiya ce kawai. Wanda zai koyar da abin a aji, ya kwatanta gogen Arewa da na Gobir, ya faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu, sai ya iya aunawa da rubutawa, ya kuma san inda ma'aunin nasa ya gaza.

Saboda haka na ɗora wa yaron aiki. Kowace Asabar da la'asar yakan sayi goro da sukari ya je ya durƙusa ya gai da tsohon, ya zauna da kaye da fensir. Ranar farko tsohon ya ce, "Ɗana, me za ka yi da kukan goge a takarda?" Ya ce, "Baba, so nake in an tambaye ni yadda kake yi in sami abin nunawa." Tsohon ya yi dariya ya ce shekara sittin ba wanda ya taɓa tambayar sa yadda yake yi, sai dai a ce ya yi. Yanzu sun rubuta kiɗa huɗu. Inda sauti ya faɗa tsakanin maɓallai, yaron yakan sa ƴar kibiya bisa ɗigon, mai duban sama ko ƙasa, dabarar da mushensu ya nuna masa. Inda tsohon ke jan yatsa sauti ya zame kamar kuka, wannan kam har yanzu sun rasa yadda za su rubuta shi, sai dai su ɗauka a tarho su sa lamba. Kuma na lura, tunda aka fara zaman nan ban sake jin kalmar fo a bakinsa ba. Dikten da aka yi musu na baya-bayan nan maki 11 ya samu, ya ƙetare da ƙyar, muna dai fata.

Kirana ga iyaye shi ne, in ɗanku ya zo da irin wannan darasi, ku buɗe kayen ku gani kafin ku yanke hukunci. Ga ɗalibai kuma, ku koyi do, re, mi da kyau, kada ku yi masa riƙon sakainar kashi, amma ku tuna mudu ne, kuma kowace kasuwa da nata. Ga hukumomin ilmi, lokaci ya yi da za a sa waƙoƙin daɓe da na gaɗa cikin misalan aji, a fara wa yaro da mataki 5 da ya sani kafin a kai shi ga 7. Duk mai karatu da ya san wani tsoho ko tsohuwa a garinsu mai wani kiɗa ko waƙa da ba magaji, ya rubuto mana ta adireshin wannan jarida, ya faɗi garin da irin kiɗan, mu ga ko za a sami ɗalibin da ke kusa.

A nan zan dasa aya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan wasiƙunku. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.